Waƙoƙin soyayya na Japan: me ake fahimta ba daidai ba, kuma me fassara take yi musu?

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a kafafen sada zumunta, musamman a tsakanin masu kallon fina-finan zane na Japan. Ana cewa marubuci Natsume Soseki, wanda ya rayu daga 1867 zuwa 1916, a lokacin da yake koyar da Turanci ya ji wani ɗalibinsa ya fassara jimlar Turanci ta furta so, wato "ina son ki", kai tsaye zuwa Japananci, sai ya ce masa mutumin Japan ba ya magana haka, ya rubuta kawai cewa wata ya yi kyau. Daga nan mutane da yawa suka yanke hukunci cewa Japanawa mutane ne masu kunyar furta so, kuma waƙoƙinsu na soyayya duk magana ce ta wata da furanni da raɓa.

Masu bincike sun duba rubuce-rubucen Soseki da abin da almajiransa suka rubuta a kansa, ba su tarar da wannan labari ba, kuma bai fara bayyana a rubuce ba sai shekaru masu yawa bayan rasuwarsa. To amma tambayar da labarin ya tayar tana nan: shin da gaske mawaƙan Japan kewaye-kewaye suke yi wa so? Idan haka ne, mene ne dalili? Kuma nawa ne daga cikin wannan hoto aikin mawaƙan, nawa ne aikin masu fassara?

Wace irin waƙa ake nufi?

Yawancin mutanen waje haiku suka sani, wato gajeriyar waƙa mai gaɓoɓi 17 wadda Matsuo Basho ya ɗaukaka a ƙarni na 17. Sai dai haiku ta fi karkata ga yanayi da sauyin lokutan shekara. Gidan soyayya a adabin Japan shi ne tanka, wadda a da aka fi kira waka. Tana da gaɓoɓi 31 da aka kasa kashi biyar, a jere kamar haka: 5, 7, 5, 7, 7. Ba ta da amsa-amo, kuma ba ta dogara da irin karin da mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ya saba aunawa ba. Ƙidayar sauti ita ce ma'auninta, inda dogon wasali yake zama biyu. Waƙa guda ba ta wuce abin da mutum zai karanta a numfashi biyu ba.

Diwanin waƙoƙin Japananci mafi daɗewa da ya iso hannun mutane shi ne Man'yoshu, wanda ya ƙunshi waƙoƙi kusan 4,500, kuma waƙar ƙarshe mai kwanan wata a cikinsa ta shekarar 759 ce. A ciki akwai waƙoƙin sarakuna da na fadawa, akwai na mutanen karkarar gabashin ƙasar, akwai kuma na sojojin da aka tura gadin iyaka suna begen matansu da iyayensu. Waƙoƙin musayar so suna da rukuninsu na musamman, kuma da yawansu ba su da wata ɓoye-ɓoye: mace tana cewa ta jira har gashinta ya jiƙe da raɓa, miji yana kukan rabuwa da matarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa furta so a fili ba baƙon abu ba ne a harshen. Diwanin bai zama kayan tarihi kawai ba, domin daga cikinsa aka ciro sunan zamanin sarautar yanzu, Reiwa, wanda ya fara a 2019.

Salon da duniya ta fi danganta wa Japan ya kafu ne da diwanin Kokinshu, wanda sarki Daigo ya ba da umarnin haɗawa wajen shekarar 905, ƙarƙashin jagorancin Ki no Tsurayuki. Cikin littattafansa 20, biyar cur na soyayya ne. Abin sha'awa shi ne yadda aka jera su: an fara da son wanda ba a taɓa gani ba sai dai jin labari, sai ɓoye so, sai haɗuwa, sai fargabar gulmar mutane, sai sanyin zuciya, sai jira, sai rabuwa da mantuwa. Mai karatu yana bin soyayya tun daga tsirowarta har bushewarta, ta bakin mawaƙa daban-daban waɗanda wasunsu ba su ma yi zamani ɗaya ba.

Me ya sa ake kewaye magana?

Amsar tana cikin yadda masu sarauta da fadawa suke rayuwa a Kyoto a zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185. Mace mai daraja tana zaune ne a bayan labule da asabari, namijin da ba na gida ba ba ya ganin fuskarta. Abin da zai fara sani game da ita shi ne rubutun hannunta, da irin takardar da ta zaɓa, da turaren da ta turara ta da shi, da reshen itacen da ta ɗaure wasiƙar a jiki. Neman aure da waƙa ake fara shi, kuma da waƙa ake amsawa ko a ƙi. A al'adar wannan aji, miji ne yake zuwa gidan matar da dare ya fita kafin gari ya waye, sannan ya zama dole ya aiko da waƙa da safe, jinkirin aikowa kuwa cin fuska ne. Idan ya zo dare uku a jere, aka ci wainar shinkafa a dare na uku, iyaye suka shaida, aure ya tabbata.

Wasiƙa irin wannan tana bi ta hannun ɗan aike da kuyangi, kuma ana iya karanta ta a gaban mutane. Saboda haka sai aka gina wani harshe na alamu wanda duk mai ilimi a fada ya sani. Jiƙaƙƙen hannun riga hawaye ne. Ketowar alfijir da carar zakara rabuwa ce. Lokacin kaka alama ce ta cewa masoyi ya fara gundura. Ga wanda aka aika wa waƙar, babu wani duhu a cikin wannan, saƙo ne bayyananne ƙwarai, wani lokaci ma mai zafi. Mu ne da muke nesa da wannan al'ada muke ganin kamar kunya ce ta hana magana. Ya kamata kuma a tuna cewa mutanen da ake magana a kansu 'yan tsiraru ne a cikin al'ummar lokacin, don haka ɗaukar ɗabi'arsu a matsayin halin dukan Japanawa na kowane zamani kuskure ne babba.

Abu na biyu shi ne abin da waƙoƙin suke kira so. Kalmar da suke amfani da ita, koi, ta fi kusa da abin da Bahaushe yake kira bege, wato ciwon rashin wanda zuciya take so. Shi ya sa waƙar murnar haɗuwa ta yi ƙaranci, ta jira da ta rabuwa suka yi yawa. Koyarwar addinin Buda, wadda take ganin manne wa abin duniya a matsayin tushen wahala, ta ƙara wa wannan nauyi, har mawaƙiya irin Izumi Shikibu, wadda ta rayu wajen shekarar 1000, ta riƙa kai-kawo a waƙoƙinta tsakanin sha'awa mai ƙarfi da neman tsira daga gare ta.

Abu na uku, wanda masu karatun zamani suka fi mantawa, shi ne cewa ba kowace waƙa ce sirrin zuciyar mai ita ba. Ana shirya gasar waƙa a fada, a ba da maudu'i, a raba mawaƙa gida biyu, alƙali ya yanke hukunci. A gasar da aka yi a fadar sarki Murakami a 960, Taira no Kanemori da Mibu no Tadami sun kara da waƙoƙi biyu kan son da ake ɓoyewa, kuma har yau yara suna haddace su duka biyun. Maza sukan rubuta da muryar mace mai jira. Wanda ya ɗauki kowace waƙa a matsayin tarihin rayuwar marubucinta zai ƙirƙiro soyayyar da ba a taɓa yi ba.

Inda mai fassara yake cijewa

Babbar matsala ita ce harshen damo, wanda mawaƙan suka mayar da shi ginshiƙin fasaha. Japananci yana da kalmomi masu yawa da suke da sauti ɗaya amma ma'ana daban, sai mawaƙi ya sa kalma guda ta yi aiki biyu a lokaci ɗaya, ta rufe jimlar farko da ma'ana ɗaya, ta buɗe ta biyu da wata.

A duba waƙar Fujiwara no Teika, wanda ya rayu daga 1162 zuwa 1241. Mai magana a cikinta tana jiran wanda bai zo ba, a gaɓar tekun Matsuho da ke tsibirin Awaji, da yamma lokacin da iska ta kwanta, a wurin da masu yin gishiri suke ƙona ciyawar teku. Sautin farko na sunan wurin, matsu, shi ne kalmar jira, kuma shi ne sunan itacen da ake samu a irin wannan gaɓa. Kalmar ƙonewa kuma ta haɗa ciyawar da ke kan wuta da jikin mai jiran. Cikin gaɓoɓi 31 an ga teku, an ga hayaƙi yana tashi a miƙe saboda babu iska, an kuma ji mutum yana cin wuta a tsaye. Mai fassara dole ya zaɓa: ko ya ware ma'anonin biyu ya haɗa su da "kamar", waƙar ta yi tsawo ta zama bayani, ko ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya. Haka abin yake a shahararriyar waƙar Ono no Komachi ta ƙarni na 9, inda kalma guda take nufin doguwar zubar ruwan sama da kuma zaman zuru cikin tunani, wata kuma take nufin saukar ruwa da wucewar shekaru, ta yadda koɗewar fure da tsufan mace suka zama jimla ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi shafar wanda zai fassara zuwa Hausa. Waɗannan waƙoƙi sau da yawa ba sa ambaton wanda yake magana ko wanda ake yi wa, ba sa nuna jinsi, ba sa bambance tilo da jam'i. Turanci yana tilasta wa mai fassara ya ƙara "ni" da "kai", Hausa kuwa ta fi haka tsanani, domin ba za a yi wa mutum magana ko a yi zancensa ba sai an zaɓi "ka" ko "ki", "ya" ko "ta". Waƙar da mace da namiji suke iya aika wa juna ba tare da an canja harafi ba, da ta shigo Hausa sai ta zama ta ɗayansu.

Ta uku ita ce siffa. A Japananci ana rubuta tanka a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ko a warwatsa ta a kan takarda yadda hannun marubuci ya so. Ɗango biyar da aka saba gani a fassara tsari ne na masu fassara. Sannan akwai al'adar ɗauko wani yanki na tsohuwar waƙa a saka a sabuwa domin mai ji ya tuna da ta farkon, abin da mai karatu na waje ba zai taɓa ji ba sai an gaya masa.

Ɓangarorin masu fassara

Turawan farko sun sa wa waƙoƙin rigar waƙar ƙasarsu. F. V. Dickins, wanda ya fitar da fassarar diwanin waƙa ɗari ta mawaƙa ɗari a 1866, da Basil Hall Chamberlain a 1880, sun yi amfani da amsa-amo da ƙawa irin ta Ingila a wancan ƙarni, suna ƙara kalmomin da babu su a asali domin baiti ya cika. Hujjar wannan ɓangare ita ce waƙa dole ta yi daɗin ji a kunnen mai karatu. Arthur Waley ya bi wata hanya a 1919 da ya kawo waƙoƙin tare da bayanin nahawu, kafin ya fassara labarin Genji na Murasaki Shikibu tsakanin 1925 da 1933, labarin da yake ɗauke da waƙoƙi 795, waɗanda ya narkar da da yawansu cikin zube ko ya bar su.

Bayan yaƙin duniya na biyu, salon gajerun ɗangaye marasa amsa-amo ya yi rinjaye a Amurka, kuma fassarar Kenneth Rexroth ta 1955 tana cikin waɗanda suka kafa shi. Wannan salo ne ya haifar da muryar da mutane suke ɗauka ta Japan ce: sassauƙa, mai sanyi, mai 'yan kalmomi. Amma asalin waƙoƙin fada cike suke da wasa da harshe da nuna gwaninta, sauƙin nan kuwa ɗanɗanon mawaƙan Amurka ne na tsakiyar ƙarni na 20. Rexroth ya ma wuce nan, domin a 1978 ya buga waƙoƙin soyayya da ya ce fassara ce daga wata mawaƙiyar Japan mai suna Marichiko, alhali shi ya ƙirƙire ta, shi ya rubuta waƙoƙin. Akwai masu dagewa kan riƙe ƙidayar 5, 7, 5, 7, 7 ko da za a cusa kalmomin cike gurbi, akwai kuma irin su Sato Hiroaki da suke ganin a bar tanka a layi ɗaya kamar yadda masu ita suke buga ta.

A ganina, fassarar da ta fi yi wa mai karatu adalci ita ce wadda ta zo da ɗan bayanin wanda ya aika waƙar, da wanda aka aika wa, da amsar da aka mayar. Tsofaffin diwanai da kansu suna sa irin wannan gabatarwa a kan waƙa, kuma cire ta domin shafi ya yi kyau yana mayar da zance tsakanin mutum biyu ya koma tamkar karin magana marar mai ita.

Zamani ya sauya, so ma ya sauya suna

Bayan jiragen ruwan yaƙin Amurka sun iso Japan a 1853 kuma mulkin sarki Meiji ya kafu a 1868, fassara ta juya ta ɗaya gefen: adabin Turai ne ya kwararo cikin Japananci. A 1882 wasu malaman jami'ar Tokyo suka buga diwanin waƙoƙin sabon salo wanda ya haɗa da fassarar mawaƙan Ingila da Amurka. A wannan zamani ne kalmar ren'ai ta yaɗu domin ɗaukar ma'anar soyayya irin ta Turai, wadda take haɗa zaɓin mutum da aure da girmama ruhi. Kitamura Tokoku ya rubuta a 1892 cewa irin wannan so shi ne mabuɗin sirrin rayuwa, maganar da ta girgiza matasan lokacin. A 1898 kuma Masaoka Shiki ya caccaki Kokinshu da Tsurayuki, yana neman a koma ga faɗin abin da ido ya gani.

A shekarar 1898 ɗin dai aka kafa dokar iyali wadda ta sa aure a ƙarƙashin yardar shugaban gida, kuma dokar laifuka tana hukunta matar aure kan zina ba tare da ta hukunta miji kan irin wannan ba, sai idan da matar wani ya yi. Cikin wannan yanayi ne wata budurwa 'yar mai shagon kayan zaƙi a garin Sakai, Yosano Akiko, ta bar gidan iyayenta ta tafi Tokyo wurin mawaƙi Tekkan, mai mujallar Myojo, wanda ta aura daga baya. A 1901, tana da shekara 22, ta fitar da Midaregami, wato hargitsattsen gashi, mai tanka 399. Ta yi maganar fatarta da jininta da ƙuruciyarta da bakinta, har a wata waƙa ta tambayi mai wa'azin ɗabi'a ko kaɗaici bai dame shi ba. Masu ra'ayin riƙau sun kira littafin fitsara. Abin lura shi ne ba ta jefar da tsohon ma'auni ba, kuma hoton hargitsattsen gashi yana nan tun a waƙar Izumi Shikibu shekara 900 kafin ita. Duk wanda ya karanta Akiko ba zai sake cewa waƙar Japan ba ta iya furta so ba.

A 1904, lokacin yaƙin Japan da Rasha, ta rubuta wa ƙanenta da ke fagen daga a Port Arthur doguwar waƙa tana roƙonsa kada ya mutu, tana tuna masa da amaryar da ya bari a bayan labulen shago. Mai sharhi Omachi Keigetsu ya zarge ta da cin amanar ƙasa. Tarihinta bai tsaya a nan ba, domin a shekarun ƙarshe na rayuwarta, kafin rasuwarta a 1942, ta rubuta waƙoƙin goyon bayan yaƙi. Haka Takamura Kotaro, wanda ya buga waƙoƙin begen matarsa Chieko a 1941 bayan ta yi fama da taɓin hankali ta rasu, yana cikin manyan masu waƙar yaƙi a waɗannan shekaru. Mai son fahimtar adabin Japan na zamani dole ya riƙe fuskokin nan biyu tare.

Gwamnatin soja ma ta san cewa tsohon adabin soyayya bai dace da hoton da take so ba. Fassarar Genji zuwa Japanancin zamani da Tanizaki Jun'ichiro ya yi tsakanin 1939 da 1941 ta fito ne an cire sassan da suka shafi alaƙar jarumin da matar sarki. A 1942 aka haɗa wani sabon diwanin waƙa ɗari na kishin ƙasa da biyayya ga sarki, a matsayin kishiya ga tsohon diwanin nan na mawaƙa ɗari da ake dangantawa da Teika, wanda waƙoƙi 43 daga cikin ɗarinsa na soyayya ne.

Me ya rage a hannun talaka?

Tsarin mulkin 1947 ya tanadi a sashe na 24 cewa aure ba ya ƙulluwa sai da yardar mutanen biyu, aka kuma soke laifin zinar da ake ɗora wa matar aure. Zuwa ƙarshen shekarun 1960, auren soyayya ya zarce auren haɗi a yawa. Abin da Akiko ta sha zagi a kansa ya zama ruwan dare.

Tanka kuwa ba ta mutu ba, duk da masu sharhi da suka yi hasashen ƙarewar gajerun waƙoƙin gargajiya bayan yaƙi. A 1987 wata malamar sakandare, Tawara Machi, ta fitar da diwanin tanka cikin harshen yau da kullum, tana waƙe kiran waya da abincin da saurayi ya yaba, aka sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. Manyan jaridu suna da filin tanka na mako-mako da masu karatu suke aika wa, fadar sarki tana karɓar waƙoƙin jama'a domin bikin karatun waƙa na kowace Janairu, kuma matasa sun sami cewa gaɓoɓi 31 sun yi daidai da gajeren saƙon intanet. Tsohon diwanin waƙa ɗari ya zama wasan kati: mai karatu yana rera farkon waƙa, 'yan wasa suna rige-rigen cafke katin da ke ɗauke da ƙarshenta, ana kuma yin gasar zakaru a wurin ibadar Omi Jingu da ke Otsu. Yaro ɗan firamare yakan haddace kukan jiran da aka rubuta shekara 800 da suka wuce tun kafin ya san abin da yake nufi.

Ga mai karatun Hausa, kusan duk abin da zai iso gare shi daga wannan adabi ya riga ya ratsa ta Turanci ko Faransanci ko Larabci, wato fassarar fassara ce. Saboda haka idan aka ci karo da baiti a intanet an ce na wani mawaƙin Japan ne, abin da ya kamata a nema shi ne sunan mawaƙin, da diwanin da aka ciro shi, da sunan wanda ya fassara, sannan a gwada shi da wata fassarar dabam. Wanda kuma yake da niyyar kawo waɗannan waƙoƙi cikin Hausa yana da zaɓin da zai yi tun daga baiti na farko: ko zai ba su amsa-amo da kari domin kunnen Bahaushe ya karɓe su a matsayin waƙa, kamar yadda Dickins ya yi wa masu karatunsa, ko zai bar su gajeru ya biyo su da bayanin wanda ya aika, da wadda ta amsa, da ma'ana ta biyu da ke kwance a ƙarƙashin ta farko.